Inda Ake Kiwon Agogo

Jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Neuchâtel ta ƙasar Suwizalan ya yi ta hawan dutse har muka isa wata 'yar tasha mai suna Chambrelien, inda layin dogo ya ƙare kamar lungun da ba ya ɓullewa. Bayan 'yan mintoci sai jirgin ya tashi da baya, wanda ke kallon gaba ya koma kallon inda aka fito, muka ci gaba da hawa. Haka aka gina hanyar tun asali. Da muka fito daga ramin ƙarshe sai ga La Chaux-de-Fonds shimfiɗe a kan tudu, wajen mita 1,000 sama da teku, dusar ƙanƙara ta rufe kawunan gidaje, iska tana yankan kunne.

Masu gyaran agogo na zo gani. Tun ina yaro nakan tsaya a bakin kasuwa gaban wani dattijo mai ɗan akwatin gilashi, ya maƙala tabarau mai ido ɗaya, ya sunkuya a kan agogon da ya mutu har ya tashe shi. Na daɗe ina son in ga garin da wannan sana'a ta zama abincin kowa.

Garin kansa don agogo aka zana shi. A 1794 gobara ta cinye shi, da aka tashi sake gini sai aka ja tituna miƙaƙƙu masu faɗi, aka jera gidaje layi-layi da fili a tsakaninsu, don kada wani gida ya tare wa na bayansa rana. Ka ɗaga kai ka dubi benayen sama, za ka ga tagogi manne da juna kamar haƙoran mataji. Bayan kowace taga akwai teburin da wani ya ƙare rayuwarsa a kai, domin mai aikin agogo da haske yake cin abinci. Karl Marx ma ya ambaci garin a littafinsa, ya ɗauke shi duka a matsayin masana'antar agogo guda ɗaya. A 2009 hukumar UNESCO ta sa shi da maƙwabcinsa Le Locle cikin wuraren tarihi na duniya saboda wannan tsari.

A Le Locle akwai mutum-mutumin Daniel JeanRichard, wanda ake ɗauka uban sana'ar a waɗannan duwatsu na Jura. Labarin da mutanen yankin ke bayarwa shi ne, wani dillalin dawaki ya dawo daga Ingila da agogon aljihu, agogon ya tsaya, ya kai wa wannan yaro mai koyon ƙira. Yaron ya buɗe, ya gane kansa, ya gyara, daga nan ya ƙera nasa. Abin da ya burge ni a labarin shi ne, da gyara aka fara. Daga baya manoma suka riƙa yin sassan agogo a ɗakunansu cikin dogon hunturun da gona ba ta aikatuwa.

Shagon da na yi kwanaki ina zuwa yana hawa na uku a wani tsohon gida. Mai shi dattijo ne sanye da farar riga, yana zaune a kan gajeriyar kujera, teburin ya kusa kai masa haɓa, hannayensa biyu a shimfiɗe a kai don kada su yi rawa. Irinsa a Faransanci ana ce masa rhabilleur, wato mai sake tufatarwa. Sunan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin abin da yake yi ke nan: ya tuɓe agogo tsaf, ya wanke shi, ya mayar masa da kayansa.

A gabansa akwai agogon hannu na shekarun 1960 da wata mata ta kawo, na mahaifinta ne da ya rasu. Ya buɗe bayan, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini tabaran.

"Duba nan, malam," in ji shi. "Bai lalace ba. Ƙishirwa yake ji."

Na duba. Ƙananan jajayen duwatsu ne, yaƙutun da ake haɗawa a masana'anta, kowanne da ɗan rami a tsakiya inda ƙafar gatarin faifai ke juyawa. Ramukan sun bushe ƙayau, wasu da ɗan baƙin datti a baki. Nan ne mai ya kamata ya zauna.

Agogon da ba ya cin batir ƙarfinsa daga wata doguwar waya yake fitowa, naɗe cikin ɗan gwangwani. Idan ka murɗa kan agogon ka ɗaure ta, ita kuma tana warwarewa a hankali tana tura faifai masu haƙora, har ƙarfin ya isa ga wani zobe mai kai-komo da ke riƙe da siririyar waya kamar silin gashi. Wannan zobe shi ne zuciyar agogo. A yawancin agogunan zamani yana bugawa sau 28,800 a awa ɗaya, wato sau 8 a kowane sakan, sau 691,200 a yini da kwana, fiye da sau miliyan 252 a shekara. Wane inji ne za a tayar a bar shi shekara biyar bai huta ba, ba a yi masa juye ba, a ce kuma kada ya saɓa da lokaci? Duk man da ke cikinsa kuwa, in an tara shi, bai kai ɗigo ɗaya ba.

Dattijon ya gaya mini wani abu da ban taɓa ji ba. Ya ce man da, na dabbobi, idan ya tsufa kauri yake yi ya daskare, sai agogo ya tsaya, mai shi ya kawo shi dole. Man zamani ya fi shi kyau nesa ba kusa ba, amma idan ya ƙare agogon yakan ci gaba da tafiya, ƙarfe yana cin ƙarfe, mai shi yana murna bai taɓa kai shi gyara ba. Ranar da ya tsaya, aikin ya wuce wanki, ya koma sauya kaya.

Na zauna ina kallo yana kwance shi. Ya cire hannayen agogon, ya ɗaga fuskar ya rufe ta a wani ɗan akwati, sannan ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya da hantsaki da sukudirebobin da bakinsu bai kai tsinin allura kauri ba sosai. Sassa fiye da ɗari, wasu sukurorin in suka faɗi ƙasa sai dai a ɗauka ƙura ce. Ya zuba su a ƙananan kwanduna na waya, ya sa a injin wanki mai kwalabe jere. Bayan an fito da su bai yarda da injin kaɗai ba. Ya fiƙe wani ɗan tsinken itace, ya riƙa zura shi cikin ramin kowane dutse yana murzawa, yana sake fiƙewa, har tsinken ya fito fari.

A nan na tambaye shi maganar kuɗi, domin ita ce ke sa masu agogo tsaki. Garambawul na agogo mai sauƙi, wanda awa da minti da sakan kawai yake nunawa, ɗaruruwan faran ne na Suwizalan. Wanda ke da maɓallan auna gudu ya fi haka, yakan kai dubu ko ya wuce. Masu kalandar da ta san shekara mai ƙarin kwana, ko masu kaɗa ƙararrawa su faɗi lokaci, nasu dubbai ne, kuma sai a yi watanni ana jira. Ba sau ɗaya ake yi ba: kamfanin Omega yana ba da shawarar kowace shekara 5 zuwa 8, Rolex kuma wajen shekara 10. Wanda ya riƙe matsakaicin agogo shekara 40, abin da ya kashe wajen sabis yana iya kusantar abin da ya saye shi.

Sai dillalin dawakin nan ya faɗo mini a rai. Kowa ya san sayen doki rana ɗaya ne, riƙonsa kuwa kullum ne: dawa, harawa, kanwa, ɗan barga, mai yankan kofato. Wanda ya sayi irin wannan agogo dabba ya ɗaure a wuyan hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Da na ga aikin da idona, kuɗin ya daina ba ni mamaki. Yaro a nan yakan yi shekara 4 yana koyo kafin a ba shi takardar cikakken mai agogo, kuma a Neuchâtel akwai makarantar WOSTEP da aka kafa a 1966, wadda masu gyara daga ƙasashe da yawa ke zuwa su ƙaro sani. Kamfanoni suna ajiye kayan gyara na agogunan da suka daina ƙerawa tun da daɗewa. Patek Philippe na Jeniba ya ɗauki alkawarin gyara duk agogon da ya fito daga hannunsa tun 1839. Idan kayan babu su a duniya, sai mutum ya zauna gaban ɗan injin sassaƙa ya fiƙe sabon gatari daga ƙarfe, ƙafarsa ba ta wuce kaurin gashin kai ba. Wannan hannu ake biya.

Akwai abin da bai kwanta mini ba. Manyan kamfanoni da dama sun daina sayar da kayan gyara ga duk wanda ba su ba izini ba. Suna cewa don kare inganci ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma hakan yana matse masu ƙananan shaguna irin wannan dattijo, yana rage wa mai agogo zaɓi, farashi kuma sai ya hau. Sana'ar da aka ce ɗan maƙeri ne ya fara ta da buɗe agogon da ba shi ya ƙera ba, bai kamata a rufe wa irinsa ƙofa ba.

Garin ya taɓa ganin mutuwar sana'ar kusa-kusa. A watan Disamba na 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir da ƙwayar kwaz, kafin a ankara masu araha sun cika duniya, kuma sun fi na inji daidai. Ma'aikatan agogo a Suwizalan, da suka kai wajen 90,000 a 1970, suka ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakiyar shekarun 1980. A Le Locle, a 1975, an umarci a rabu da kayan ƙera injin agogo mai suna El Primero na kamfanin Zenith. Wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya riƙa kwashe su a ɓoye, da zane-zanensu da bayanin yadda ake aiki da su, ya jibge a ɗakin saman masana'antar ya toshe. Da kasuwa ta juyo aka nemi injin, sai ga komai a ajiye.

Rana ta uku na koma na tarar ana mayar da kaya. Ga ƙananan kwanonin mai a jere, kowanne da murfinsa: mai ruwa-ruwa na sassa masu gudu, mai kauri na masu nauyin tafiya, da man shafawa na inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Yana tsoma wata 'yar allura mai faffaɗan baki, ya taɓa dutse sau ɗaya, ya ɗauke. Ya ce in ya yi yawa zai malale ya bar wurin, in ya yi kaɗan bai yi komai ba. Ya sa sabuwar wayar ƙarfi da sabbin zoben roba masu hana ruwa shiga. Gidan agogon kuwa, mai cike da ƙarce, wanke shi kawai ya yi. Ya buga wa matar waya ya tambaye ta ko a goge, ya gaya mata gogewa ƙarfe take ci, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Ta ce a bar shi yadda babanta ya bar shi.

Zuciyar ce ta ƙarshe. Ya murɗa kan agogon kaɗan, ya ɗauko zoben da hantsaki, siririyar wayar tana reto, ya sauke shi a hankali, ya ɗan juya. Kafin ya ɗaure sukurun, zoben ya kama kai-komo da kansa, wayar tana buɗewa tana tsukewa kamar ƙirjin jariri mai barci. Ban san na riƙe numfashi ba sai da na sauke shi.

Ya ɗora shi a kan na'urar da ke sauraren bugun, layi ya fito a allo yana ɗan karkata sama. Ya taɓa wani ɗan hannu da tsinke, layin ya kwanta. Ya juya agogon fuska sama, fuska ƙasa, a kan gefe, yana rubuta lambobi a kati. Na ce to yanzu sai a kira mai shi. Ya girgiza kai, ya ce sai ya kwana masa wasu kwanaki yana dubawa kowace safiya. Ya sa shi a aljihun tebur tare da katin, ya kunna fitila domin hasken taga ya fara ja baya, ya jawo agogo na gaba.