Neman wa Kawu Masauki a Maryland

Jirgin Habasha ne ya ɗauke ni daga Kano zuwa Adis Ababa, daga can kuma zuwa filin jirgin sama na Dulles da ke jihar Virginia, a gefen birnin Washington. Ƙarshen Oktoba ne, ganyen itatuwa ya koma ja da ruwan ɗorawa yana zuba, ga wata iska mai ratsa ƙashi tun hunturun nasu bai kankama ba. Ƙanwata, 'yar Kawu, ita ta tarye ni. Muka hau babbar hanyar da ta yi wa Washington zobe, wadda suke kira Beltway, muka ƙetare kogin Potomac muka shiga Maryland. Abokiyar wasata ce, a da ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma ran nan har muka isa Silver Spring gaisuwa kaɗai ta haɗa mu. Ta rame, idanunta sun faɗa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya zo Amurka karatu a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Nijeriya ke da kuɗin fetur tana tura samari waje koyon aikin injiniya. Ya gama, ya sami aiki, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya. Niyyar komawa gida ba ta taɓa barinsa ba, sai dai aiki da iyali suka riƙe shi har furfura ta cim masa. Bayan rasuwar matarsa abin ya fara fitowa fili: ya manta sunan maƙwabci, ya biya kuɗin wuta sau biyu, ya ɗora shayi a kan gas ya tafi ya kwanta. Likitoci suka ce cutar Alzheimer ce, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma har yau ba a sami maganin da ke dawo da su ba. 'Yarsa ta ɗauke shi ya koma gidanta, tana aiki da rana, tana gadinsa da dare, ga ƙananan yara. A hunturun da ya wuce ya buɗe ƙofa cikin dare, daga shi sai jallabiya da silifa, wai zai je sallar asuba masallacin unguwarsu a Fagge. 'Yan sanda suka tsince shi a bakin titi jikinsa na karkarwa. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ce shida cikin goma na masu wannan lalura sukan fita su ɓace haka, kuma ƙanwata ta san ba kullum ake tsintar su da rai ba.

Na zo ne da saƙon mahaifiyata: “Ka dawo mini da ƙanena. Ba mu rasa ɗaki ba, ba mu rasa tuwo ba.” Na isar da shi a daren da na sauka. Ƙanwata ta saurara har na gama, sannan ta ce, da Hausarta ta cikin gida wadda ta koya a bakin iyayenta, “Yaya, wa zai riƙa tashi da shi ƙarfe uku na dare? Gwaggo da ke fama da ƙafa?”

Maganar mahaifiyata tana da nauyi a wurina, har gobe. A wajenmu a ce wane ya kai ubansa gidan gajiyayyu abin gori ne da zai bi zuri'a. Amma ni ma na ga yadda gigin tsufa ke ƙarewa a gidajenmu. Gida cike da mutane, ɗawainiyar kuwa a kan mace ɗaya take sauka, 'ya ko suruka, kuma idan ta gaza sai a ja wa tsohon ƙofa a sa sakata. Ban da haka Kawu yana da ciwon zuciya, likitocinsa suna nan, inshorar tsofaffi ta Medicare da ke biyan asibitinsa ba ta bin mutum ƙasar waje, kuma sa'o'insa da ke Faggen da yake nema yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Muka tsaya a kan cewa mu zagaya mu ga gidajen tukuna.

Gidajen iri-iri ne. Akwai gidan jinya, mai nas-nas dare da rana, na waɗanda ciwo ya kwantar. Akwai gidan taimakon tsofaffi, inda mutum ke da ɗakinsa, a taimaka masa da wanka da sa tufafi da shan magani. A cikin irin wannan na biyun ake ware sashen masu mantuwa, mai ƙofa a kulle. Wannan sashen Kawu ke buƙata, kuma masu nemansa a Maryland suna da yawa: wani bincike da aka wallafa a 2023 ya sa jihar a gaban duk jihohin Amurka, inda aka ƙiyasta kashi 12.9 cikin ɗari na 'yan shekara 65 zuwa sama na ɗauke da cutar. Sai maganar kuɗi. Ƙididdigar kamfanin Genworth ta 2023 ta nuna matsakaicin kuɗin gidan taimakon tsofaffi a ƙasar dala 5,350 ne a wata, sashen masu mantuwa kuma ya fi haka tsada. Medicare ba ta biyan wannan. Tana iya ɗaukar jinyar da ba ta wuce kwana 100 ba bayan an sallamo mutum daga asibiti, amma zaman dindindin daga aljihun iyali yake fita.

Gidan da muka fara shiga a gundumar Montgomery yake, kuma wanda bai sani ba sai ya ɗauka otal ne. Darduma mai laushi, furanni, fiyano a zaure, wata mata mai fara'a ta tarye mu da shayi da takardu masu sheƙi. Ta danna lambobi, ƙofar sashen masu mantuwa ta buɗe. A gaskiya an yi tunani wajen ginin. Barandar zagaye take, yadda mai yawo zai yi ta tafiya ba tare da ya ci karo da bango ya fusata ba. A bakin kowane ɗaki akwai ɗan akwatin gilashi da hotunan ƙuruciyar mai ɗakin, don wanda ya manta lambar ɗakinsa yakan gane fuskarsa ta da. Ƙanwata ba ta tsaya kallon waɗannan ba. Ta tambayi ma'aikata nawa ke kwana a sashen, tsofaffi nawa ke hannun kowanne, kuma wace ce ta fi daɗewa a cikinsu. Matar ta ce za ta bincika ta kira mu.

Wata jami'a ce ta koya mata waɗannan tambayoyi. Dokar Amurka ta tanadi masu karɓar koken mazauna gidajen tsofaffi a kowace jiha, kuma shawararsu kyauta ce. Jami'ar ɗaya ce daga cikinsu, ita ta ce mata ta nemi rahoton binciken da ofishin kula da ingancin jinya na ma'aikatar lafiyar Maryland ke yi wa kowane gida mai lasisi, kuma ta koma ba tare da sanarwa ba, da almuru. Masu wannan cuta sun fi rikicewa idan rana ta yi gora zuwa faɗuwarta. A lokacin ne suke neman mafita, suna cewa za su tafi gida. Muka koma gidan nan gab da magariba. Zauren na nan da kyansa. A ciki kuwa wata tsohuwa na tsaye tana bubbuga ƙofa, wani dattijo na zaune gaban abincin da ya huce ba wanda ya ba shi a baki, ma'aikatan da ke wurin suna ta kai da kawowa, aikin ya fi ƙarfinsu. Ban ga mugunta a fuskar kowa ba. Hannaye ne suka yi kaɗan.

Muka ci gaba da yawo, Rockville, Columbia, Laurel, har kusa da Baltimore. Wasu gidajen sun fi na farkon ma'aikata, wasu warin fitsari ke tarar mutum tun daga ƙofa, wani kuma ya yi mana amma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba.

Akwai abin da babu ko ɗaya cikinsu da ke da amsarsa, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Turancin Kawu yana zubewa. Mutumin da ya yi sama da shekara arba'in yana aiki da shi, yanzu sai ya fara jimla ya ƙarasa ta da Hausa, wata ranar ma Hausar kaɗai. Likitoci sun san wannan: harshen da aka koya daga baya shi ke fara tafiya, na goyo ya rage. To, a ce ƙarfe biyu na dare ya tashi yana neman buta, ko yana tambayar ina ne gabas, ko yana ƙin wata baƙuwar mace da ta zo tuɓe masa riga. Wanda bai ji abin da yake faɗa ba zai rubuta cewa tsohon ya tayar da hankali, kuma daga wannan rubutu zuwa ƙwayar sa barci tazarar ba ta da yawa. Tun 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai tsanani cewa wasu magungunan taɓin hankali suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu mantuwa. Malamai sun ce an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe, wannan haka yake. Amma jikin Kawu bai manta alwala ba. Yakan yi ta daidai, ya tayar da kabbara, ko da raka'o'in sun cakuɗe masa, kuma duk ranar da aka hana shi ba a kwana lafiya.

Ranar Juma'a muka kai shi masallacin Diyanet da ke Lanham, wanda Turkiyya ta gina aka buɗe a 2016, mai ƙubba da hasumiyoyi irin na Istambul. Bayan an idar, muna gaisawa da 'yan Afirka ta Yamma a harabar, wani dattijo ya ba mu labarin wani ƙaramin gida a gundumar Prince George's. Maryland cike take da irinsu: gidan zama ne a cikin unguwa, an mayar da shi na tsofaffi 'yan kaɗan, da lasisin jiha, kuma da yawansu baƙi 'yan Afirka ke riƙe da su.

Babu fiyano a wannan. Ƙanshin albasa da ake soyawa ne ya tarye mu. Mai gidan nas ce 'yar Saliyo, ta kuma ajiye mana rahoton bincikensu a tebur tun ba mu tambaya ba, har da laifin da aka taɓa kama su da shi a kan rubuta lokutan magani da yadda suka gyara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wannan ya ƙara mata daraja a idona. Ta ce akwai mai kwana ido biyu kowane dare, ƙofofi suna da ƙararrawa, bayan gida akwai fili mai shinge inda mai son yawo zai yi yawonsa. Naman alade ba zai shiga kwanon Kawu ba, naman halal kuwa ba wahalar samu yake a yankin ba. Sai ta kira wani ma'aikacinta, wani magidanci ɗan Zangon Kumasi, wanda ya daɗe tare da ita.

Da muka kawo Kawu cin abincin rana, mutumin ya rusuna ya ce, “Sannu da zuwa, Baba. Ina gajiya?”

Kawu ya ɗaga kai ya dube shi da kyau. “Ba gajiya. Kai ɗan gidan wa ne?”

“Daga Kumasi nake, Baba. Kakana fataucin goro ya kai shi can.”

“Gwanja ke nan,” in ji Kawu. Ya shiga ba shi labarin 'yan goro da fatake, yana yi yana maimaitawa, mutumin na amsawa da “haka ne, Baba” yana tura masa cokali. Ya cinye abincinsa tas. Da azahar ta yi, shi ya kama masa hannu zuwa wurin alwala.

Ba zan ce gidan ba shi da aibi ba. Nas ba ta wuni a wurin kullum. Ba su da masu koyar da motsa jiki da kiɗa irin na manyan gidaje. Abin da ya fi damuna shi ne duk natsuwarmu a kan mutum ɗaya ta rataya, kuma aikin kula da tsofaffi aiki ne mai wuya da ƙaramin albashi, masu yinsa ba su cika daɗewa ba. Ƙanwata ta faɗa wa mai gidan haka ƙarara. Suka shirya cewa za mu rubuta wa sauran ma'aikatan kalmomin da Kawu ya fi faɗa da abin da yake nufi, a manna a ɗakinsa. Mun kuma karanta yarjejeniyar layi-layi. Maryland ta raba kulawa mataki uku, gwargwadon yawan taimakon da mutum ke buƙata. Gidan yana da lasisin mataki na uku, don haka ba za a ce mu kwashe shi ba da zarar ya daina tafiya da ƙafarsa.

Lauyan da ƙanwata ta gani ya fito mana da wata matsala da ban taɓa zato ba. Kuɗin gidan Kawu da aka sayar zai riƙe shi wasu shekaru. Idan ya ƙare, sai a nemi tallafin Medicaid na marasa ƙarfi, su kuma sukan duba shekara biyar baya su ga ko mutum ya kyautar da dukiyarsa. In ya yi, a jinkirta masa tallafin. Kawu kuwa tun da ya fara ɗaukar albashi yake aike gida: kuɗin makarantar marayu, buhunan azumi, gudummawar biki, rufin masallaci. A wurinmu zumunci ne da sadaka, a takardarsu kyauta ce da za a lissafa. Dole aiken ya tsaya, kuma ni aka ɗora wa faɗa wa mutanen da suka saba jin saƙo duk wata.

Na bar Maryland bayan ya tare. Mutanen masallaci sun raba Juma'o'i a tsakaninsu, kowa da makon da zai ɗauko shi. A Kano kuma na tsara wa 'yan'uwa kiran bidiyo bayan la'asar, don a lokacin hunturu awa shida ke tsakaninmu, la'asar ɗinmu hantsinsu ne, kuma a lokacin kansa ya fi zama daidai. Mahaifiyata ta ji bayanina, ta yi kuka, ta sa wa ƙanwata albarka, ita ce ma ta fi kowa kira. Babban wansu kuwa bai sauko ba. Ya ce a gaya wa yarinyar nan shi bai yarda ba, kuma da zarar sanyi ya wuce zai sake tayar da maganar a dawo da ɗan'uwansa gida.