Tsagar Motoci a Birnin Habana

Ranar da zan bar Masama ka raka ni bakin titi, kana ta tambayata me zan je nema a Kyuba. Na ce maka ɗan ƙanwata zan dubo, wanda ke karatun likita a can. To na gan shi, yana lafiya, yana gaishe ka. Amma akwai wani labarin da kai ka fi kowa cancantar ji, tunda tare muka tashi muna bin a-kori-kura da gudu ranar kasuwa.

Daga filin jirgin Ambursa na sauka Abuja, daga nan sai Istambul, sannan muka ƙetare teku, zaman da ya haura awa goma sha biyu. Ƙafa ta kumbura, barci ya rikice, abin da matafiyi ya saba.

Muna fitowa daga filin jirgin José Martí, wanda aka sa wa sunan gwarzon 'yancin ƙasar, sai wata doguwar mota shuɗiya ta gifta mu, gabanta na walƙiya, bayanta da fikafikai kamar za ta tashi. Na ɗauka amarya aka ɗauko. Kafin in rufe baki ga wata koriya, ga wata ja. Yaron ya ce, "Kawu, ai motocin haya ne." Na yi shiru. Shekaruna nawa ina sauraron labarin Fidel Castro a rediyo, ban taɓa sanin a cikin me talakawansa ke zuwa aiki ba.

A hanya ya warware mini. Tsakanin Habana da gaɓar Amurka bai kai kilomita 200 ba, saboda haka kafin juyin juya halin Janairun 1959 motocin Detroit, birnin ƙera motoci na Amurka, suka cika ƙasar. Da zumunci ya lalace, Amurka ta hana sayar wa Kyuba kaya a 1960, Shugaba Kennedy ya ƙara ɗaure takunkumin a Fabrairun 1962. Sabuwar mota ta daina zuwa daga can, kayan gyara ma haka. Daga baya Lada da Moskvich na Tarayyar Sobiyet suka shigo, amma sai wanda hukuma ta ba. Har zuwa 2011, motar da aka shigo da ita kafin juyin ce kawai mutum ke iya sayarwa yadda ya ga dama. Ka ga dalilin da ya sa ta zama gado, kamar gonar fadama a wurinmu.

Washegari muka shiga ɗaya. Suna ce musu almendrón, daga sunan wani ɗan itace mai siffar ƙwallon aduwa. Babu yaron mota. Ka tsaya bakin titi ka nuna da hannu inda ka nufa. Na ja ƙofa da ƙarfi yadda muka saba a tashar Jega, sai direban ya juyo ya ɗaga mini hannu, ya ce a hankali. Na ji kunya, domin ƙofar ta girme shi. Da ya taka totur kuma kunnena ya ce wannan ba kukan injin fetur ba ne. Ashe bodin ne na Chevrolet, injin dizal ne na Hyundai, sauran kayan kuma daga duk inda Allah ya hore. Nan na ji kamar ina garejin Birnin Kebbi, inda bakanike ba ya cewa babu, sai dai ya ce a ba shi zuwa la'asar.

Ranar Asabar da yamma muka bi Malecón, titin bakin teku mai tsawon kilomita 8, har kusa da Hotel Nacional, masaukin da aka buɗe a 1930. A wani fili masu sha'awar tsofaffin motoci sun jera nasu, kowa da tsumma a hannu. Ni duk mai fiffike Cadillac nake ce mata, don sunan kaɗai na taɓa ji. Wani dattijo ya ji ni, bai yi dariya ba, ya kama hannuna, yaron yana yi mana tafinta.

Ɗan'uwa, ashe mota ma tana da tsaga. Yadda kakanninmu ke duban kunci su ce wannan Bakabe ne, wancan Bagobiri, haka dattijon ke karanta ƙarfe. Ya nuna mini ƙananan huji a gefen bonet: wannan Buick ce, an fara yi mata su a 1949, mai huji huɗu ta fi mai uku daraja. Mai zanen azurfa da ya ratsa bonet daga sama zuwa ƙasa Pontiac ce, kuma in ka ga zanen, ba ta wuce 1956 ba. Chevrolet kuwa shekara-shekara yake rarrabe ta. Ta 1955 bakinta kamar rariya. Ta 1957 tana da wasu ƙarafa biyu masu tsini a kan bonet da fiffike tsaye a baya. A 1958 fitilun gaba suka zama huɗu. A 1959 fiffiken ya kwanta, fitilun baya suka koma kamar idon kyanwa. Sai a ƙarshen layi ya kai ni gaban Cadillac ta gaske, ta 1959, wadda fiffikenta ya fi na kowace tsawo. Ya ce a 1948 aka fara sa wa Cadillac fiffike, an kwaikwayo wutsiyar wani jirgin yaƙi ne.

Tasa Chevrolet ce ta 1955, mahaifinsa ya bar masa. Ya ce a kujerar bayanta aka kai mahaifiyarsa asibiti ranar da za ta haife shi. Kada ka ɗauka daɗi ne ya riƙe motocin nan. Na ga layin mai, na kwana cikin ɗaukewar wuta, hayaƙin dizal kuma har cikin maƙogwaro. Rashi ne ya tilasta musu gyara. Amma rashi bai koya wa dattijon nan shafa bonet yadda ake shafa wuyan doki ba.

Sai ya tambaye ni wace mota ce ta yi mana zamani. Na ce Peugeot, Fijo a bakinmu, 404 da 504, har masana'anta aka buɗe a Kaduna a 1975. Idonsa ya yi haske, ya ce ya san 404, an kawo musu ita daga Ajantina wajejen shekarun 1970. Ya ce nawa suka rage a garinmu? Na ƙirga a raina. Motar da ta kai shinkafarmu kasuwa, ta kai alhazanmu filin jirgi, ta ɗauko amarenmu, mun bar ta ta ruɓe, 'yan gwangwan sun auna ta a sikeli. Guda ɗaya na iya tunowa, farar a-kori-kurar nan da ke zaune a kan duwatsu bayan tasha, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Laraba zan taso in Allah ya yarda. Don Allah kafin in iso ka nemi mai ita, ka ce kada ya sayar wa 'yan gwangwan. Ka kuma tambayo mini tsohon direban da ya ja ta, in yana raye, ina son in zauna da shi.