Baki da Baƙi: Ƙugiya Huɗu da Makomar Hausa a Kara-Kara

Watan Maris na shekarar 2025 ya zo wa Nijar da labarai uku waɗanda kowanensu ya isa a kwana ana muhawara a kansa. Na farko, kamfanin Starlink ya fara sayar da intanet ta tauraron ɗan Adam a ƙasar. Na biyu, hukumomin soja sun ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Na uku kuma, ranar 26 ga watan, Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Masu sharhi sun yi ta auna kowane labari shi kaɗai, alhali kuwa ukun nan suna haɗuwa a wuri guda, wurin da bai kai faɗin farce ba: madannin da yatsa ke taɓawa in za a rubuta harafin ƙ.

A Kara-Kara, unguwar nan ta Damagaram da aka daɗe ana tura kutare da makafi da sauran waɗanda gari ya ƙi, labarin ya iso ta hanyar da labarai suka saba isowa, wato ta wayar salula, daga wannan kunne zuwa wancan. Unguwa ce da duniya ta sani ta fim ɗin Aisha Macky na 2021 mai suna Zinder, inda aka ga samari masu ɗaga ƙarfe da fasa dutse da safarar man fetur daga Najeriya. Mutanen wurin ba su yi mamakin jin cewa Hausa ta zama harshen ƙasa ba, domin da ita suke ciniki da zawarci da zagi tun kafin a haifi wanda ya rubuta kundin. Abin da ya rage a sani shi ne ko takarda ma ta ji labari.

Duk wanda ya leƙa rumfunan masu buga takardu, inda ake kai wasiƙar neman aiki da takardar koke, zai tarar da kwamfuta mai allon madannai irin na Faransa, wanda ake kira AZERTY. Allon nan yana da karamci ƙwarai ga harshen da aka ƙera shi dominsa. Ya ware wa é gurbi, ya ware wa è da ç da à. Har ma akwai madanni sukutum na harafin ù, harafin da a duk faɗin Faransanci kalma ɗaya tak ke amfani da shi, wato où, ma'ana "ina". Tambayar ta dace, domin ita ce mai buga takarda yake yi wa allon kullum: ina ɓ, ina ɗ, ina ƙ, ina ƴ? Harafin kalma guda ya sami ɗaki da tsakar gida, haruffa huɗu na harshen miliyoyin mutane suna kwana a zaure.

Mai karatu zai iya cewa ƙugiya ai ado ce. To, a cire ta a gani. Ƙasa ta zama kasa, wato ko dai gazawa ko kuwa macijiya mai dafi, kuma babu ɗan siyasar da zai so a buga masa ɗaya daga cikin biyun a ƙarƙashin hotonsa. Mai ciwon ƙashi ya rubuta wa lokotoro abin da ba a faɗa a gaban suruki. Wanda ya kai ƙara ya koma mai kai kara, kamar alƙali zai yi darni. Bari da ɓari suka zama abu guda, baƙi da baki kuma haka. A Damagaram lamarin ya fi tsanani, domin akwai fada ta Sarki a Birni, akwai fada ta samari inda ake dafa shayi a bakin titi, akwai kuma faɗa da ke kai mutum hannun ƴan sanda. Samarin Kara-Kara da suka raɗa wa majalisunsu sunan palais sun fassara fada ne da Faransanci, kuma mutanen gari sun daɗe suna zarginsu da ɗora mata ƙugiya. Saƙon da ya ce "an yi fada a fada" yana bukatar malamin duba kafin a san ko jandarma za a kira ko maroƙi.

Magabata ba su bar wannan matsala a buɗe ba. Malaman ajami sun nemo wa ɗ harafin Larabci na ɗa, suka bai wa ƙ harafin ƙaf, suka ci gaba da rubuta waƙoƙinsu da wasiƙunsu. A shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu ƙugiya a rubutun boko a Arewacin Najeriya. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Nijar, kuma a Damagaram aka buɗe ta. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa, wadda ta zaɓi ƴ mai ƙugiya a inda ƴan Najeriya ke rubuta 'y. Ita kanta na'ura ba ta da uzuri, domin tsarin Unicode, wanda ya bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, ya san haruffan nan huɗu tun farkon shekarun 1990. A wayoyin Android ana iya ɗora allon Hausa cikin ɗan lokacin da bai kai na tafasar shayi ba. Haruffan suna nan cikin cikin na'ura, ba a dai nuna wa yatsa ƙofarsu ba.

Gaskiya ne cewa akwai lokacin da ƙugiya take da tsada, tsada ta kuɗi. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160 in an tsaya ga jerin haruffan da injiniyoyin Turai suka tsara, jerin da ya ƙunshi é da ù. Da zarar ƙ guda ta shiga, sai saƙon ya koma wani tsari da ba ya ɗaukar fiye da haruffa 70. Ke nan saurayin da ya rubuta wa budurwarsa "ina ƙaunarki" da Hausa ingantacciya, ya kuma tsawaita bayani, sai ya biya kuɗin saƙo biyu ko uku, wanda ya rubuta "kauna" kuwa ya biya na ɗaya. Wannan shi ne harajin da babu majalisar da ta zartar da shi, kuma wani zamani guda na marubuta ya tashi a ƙarƙashinsa yana ganin ƙugiya almubazzaranci ce.

Daga 2013, da WhatsApp ya kawo saƙon murya, sai jama'a suka huta. Baki ya karɓi aikin baƙi. Tsohuwa a Kara-Kara da ba ta taɓa shiga lakwal ba tana danna waya ta yi wa ɗanta da ke Agadas ko Libiya faɗa na minti bakwai, da karin sautinta da tsawon wasulanta da duk ƙugiyoyinta, abin da ko ƙa'idar 1999 ba ta iya ɗauka gaba ɗaya. Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi: rubutun Hausa bai taɓa nuna karin sauti ba, amma ana karanta shi a gane, don haka ƙugiya ma mahallin zance zai maye gurbinta, kuma a ƙasar da manya da yawa ba su karatun boko, murya ta fi adalci. Hujja ce da ba a ture ta da tsaki.

Sai dai mulki ba ya tafiya da murya. Takardar haihuwa rubutu ce, takardar fili rubutu ce, haka sammacin kotu da yarjejeniyar aiki da bayanin da ke jikin kwalin magani. Wanda ya iya magana kaɗai yana ƙofar ofishi, wanda ya iya takarda yana ciki, kuma mutanen Kara-Kara sun fi kowa sanin bambancin ƙofa da ciki. Muddin takarda ta ci gaba da zama Faransanci, Hausa kuma ta tsaya a saƙon murya, to rabon aikin da aka yi tun lokacin da Faransawa suka kama Damagaram a 1899 yana nan daram: harshe ɗaya na umarni, ɗaya na amsawa. Kundin 2025 ya ɗaga darajar Hausa, amma daraja ba ta buga kanta a kwamfuta.

Wasu sun ce a bar wa na'ura, tunda Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun Disamban 2013, yanzu kuma ga manhajoji masu amsa tambaya kamar almajirin da ya haddace. Amma na'ura ɗan koyo ce, abin da aka rubuta shi take haɗiya. Mafi yawan Hausar da ke intanet Hausar Kano ce da ta gidajen rediyon ƙetare, kuma kaso mai yawa nata babu ƙugiya. Na'urar da ta yi karatu a wannan makaranta, in ta ji mai ƙosai a kasuwar Dole ta ce "dala ashirin", dalar Amurka za ta fara tunawa, alhali ana nufin sefa 100, domin dala a nan sefa 5 ce, jika kuma 1000. Ba za ta san mushe malamin makaranta ne ba, za ta zaci gawar jaki ce. Hausar Damagaram ba za ta shiga kan na'ura ba sai ƴan Damagaram sun rubuta ta, da yawa, kuma daidai.

A nan ne zancen ya zama na sana'a. Matatar mai ta SORAZ, da aka buɗe a 2011 a arewacin gari, tana iya tace ganga 20,000 a rana, amma matata injuna ke yi mata aiki, ba ta iya ɗaukar dubban samarin da ke zaman fada. Harshen ƙasa kuwa, in da gaske ake, ma'aikata ce mai cin hannuwa: masu fassara dokoki, tafintocin kotu, masu buga takardu, masu gyaran rubutu, marubutan littattafan makaranta, malamai, da masu ɗora wa wayoyi da kwamfutoci allon haruffa. Yaron da ya koyi buɗe waya ya canza mata gilashi ba tare da ya ga aji ba, koyon inda ƙ take ba zai ɗauke shi yini ba. Jami'ar da aka kafa a Damagaram a 2010 tana yaye ɗalibai kowace shekara, da yawansu suna yawo da takardun neman aiki da Faransanci. Kuma aikin bai tsaya ga Hausa ba, domin Fulfulde ma tana da ɓ da ɗ da ƴ, Zarma tana da ŋ, Kanuri da Tamajak suna da ǝ. Allon da ya buɗe wa ɗaya ƙofa ya buɗe wa sauran, kuma wannan ya fi dogon jawabi kwantar da hankalin wanda ke tsoron kada Hausa ta danne harshensa.

Damagaram ta taɓa ganin sabuwar fasaha ta kuma san yadda aka yi da ita. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya ga bindiga da igwa suna zuwa daga arewa ta hanyar ayari, sai ya sa maƙeransa suka zuba igwa a cikin gari, aka haɗa albarushi a gida. Bai tsaya ga yin shela cewa igwa makamin ƙasa ce ba. Wanda ya iya narka tagulla ya fitar da igwa, jikokinsa ba za su ce ƙugiya huɗu ta gagare su ba.

Saboda haka ma'aunin kundin yana da sauƙi, kuma ba ya bukatar ƙwararre daga waje. A duba ko kasafin kuɗi ya ware gurbin mai fassara a kotu da asibiti da gidan magajin gari. A duba ko gwamnati, in za ta sayi kwamfutoci, tana sharɗanta cewa su zo da haruffan harsunan ƙasar. A duba ko makarantun koyon buga takardu suna jarraba ɗalibi da shafi guda na Hausa. Ranar da mutumin Kara-Kara zai karɓi sammaci ya karanta da kansa, ya gane ƙara aka kai shi, ya kuma san ranar da zai je da abin da ake tuhumarsa, ranar nan Hausa ta shiga ofishi. Kafin nan, masu tsaron ƙasa su riƙa duba rubutunsu da kyau, domin tsakanin ƙasa da kasa ƙugiya ɗaya ce.