Mai Gyaran Tankin Ruwan Zafi a Landan

Sanyin Landan ba irin namu ba ne. Namu na hunturu busasshe ne, ya biyo ta Babura da ƙurarsa, ya fasa leɓe da dunduniya, amma hantsi na dubawa sai ya saki mutum. Nasu jiƙaƙƙe ne, da shi ake kwana da shi ake wuni. A Kazaure mai son wankan asuba a watan Janairu ya san sai an hura wuta an ɗora tukunya. A gidan ɗan yayata da na sauka a gabashin Landan kuwa famfo kawai ake murɗawa, ruwan zafi ya zubo da ƙarfi, a bene da ƙasa duk ɗaya.

Ruwan yana fitowa ne daga wani farin tanki mai cin lita 200 da ke tsaye cikin ɗan ƙaramin ɗaki a saman bene. Tsofaffin gidajen Ingila suna da tankin ruwan sanyi a ƙarƙashin rufi, kusan yadda muke ɗora namu a kan ƙarfe, da wani bututu buɗaɗɗe da tururi zai bi ya fice in ruwa ya tafasa. Wannan sabon samfurin, wanda sai a tsakiyar shekarun 1980 aka halatta shi a ƙasar, rufaffe ne ruf. Kai tsaye yake shan ruwa daga babban bututun gari, shi ya sa famfonsa ke da ƙarfi. Haɗarinsa ma daga nan yake. Tukunyar da ke kan murhu in ta tafasa murfinta ne zai ɗaga, tururi ya samu hanya. Wannan ba ta da murfin ɗagawa. Ruwan da aka matse yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kuma in jikin tankin ya tsage a wannan hali, nan take wani sashe na ruwan zai zama tururi, wanda ke neman fili kusan ninki 1,600 na wurin da ruwan ya ci. Bango ba ya tare irin wannan.

Wata safiya muka ga ruwa yana ɗiga a cikin wani ɗan mazurari mai buɗaɗɗen gefe da ke jikin bututun tankin. An yi shi a buɗe ne da gangan, domin mai gida ya gani da idonsa in wani bawul ya fara sakin ruwa. Na ce wa yaron ya kawo sifana mu duba.

"Kawu, wannan ba a sa masa hannu," in ji shi. "Sai mai kati."

Dokar gine-gine ta Ingila tana da sashe da ake kira G3, wanda ya ce kada ruwan irin wannan tanki ya taɓa haura digiri 100, kuma aikinsa sai wanda ya ƙware. Masu aikin famfo suna yin kwas na musamman a ba su kati, kuma duk shekara 5 sai sun koma an sabunta. Mutumin da ya zo mana dattijo ne, mai ƙaramar mota cike da kaya. Abin da ya fara yi shi ne ya haska fitila a kan ɗan allon da ke manne a jikin tankin, ya karanta lambobin da ke kai, ya rubuta a takarda. Ko sifana bai ɗauko ba tukuna.

Da ya ga ina tsaye a kansa sai ya riƙa nuna mini kayan da yatsa. Ga bawul ɗin da ke rage matsin ruwan gari zuwa 3 a ma'aunin da suke kira bar. Ga ɗan tulun ƙarfe mai roba da iska a ciki, wanda ke karɓar ƙarin da ruwa ke yi in ya yi zafi, domin lita 200 in an dumama su zuwa digiri 60 sukan ƙaru da wajen lita 3, kuma dole su samu inda za su. In tulun ya gaza, wani bawul zai buɗe a bar 6. A ɓangaren zafi kuma, na'urar daidaita zafi tana tsayar da wuta a wajen digiri 60, ba sa son ƙasa da haka saboda ƙwayar cutar huhu da ke hayayyafa a ruwan ɗumi. In ta lalace akwai wata da ke yanke wutar gaba ɗaya a wajen 80 zuwa 85, kuma ba ta komawa sai mutum ya zo ya danna ta. Can sama kuma ga na ƙarshe, bawul mai dogon tsinke da ke nutse cikin ruwan, wanda zai buɗe in zafi ya kai 90 da 'yan kai ko matsi ya kai bar 7.

Abu biyu ya samu. Robar tulun ta yage, sannan bawul mai lamba 6 ya ci farar ƙasa, domin ruwan Landan yana ɗauke da alli mai yawa, har ba ya rufuwa sosai. A kan tulun bai tsaya wata-wata ba, ya sauka ya ɗauko wani daga motarsa, na wani kamfani daban, ba na masu tankin ba. Girmansu ɗaya, an amince da shi don ruwan sha, ya hura masa iska ya auna har ta yi daidai da bar 3, ya ɗaura. Bawul ɗin ne ya ƙi. Yana da wani a mota, sabo dal, bakinsa ɗaya da tsohon, da zai shiga ba gardama. Amma lambar da ke kansa 8 ce. Ya ce in ya ɗaura shi, na ƙarshen nan mai lamba 7 shi zai riƙa buɗewa da farko, wato an mai da mai jiran ranar masifa ya zama ɗan aikin kullum, har ya gaji ya lalace. Ya bar tsohon a wurinsa yana ɗiga, tunda ɗigar asarar ruwa ce kawai, ya aika a kawo wanda kamfanin ya tsara. Da kayan suka iso ya sake hawo mana bene.

Wannan abu ya burge ni ƙwarai, kuma har yanzu ina tuna shi. Mutumin bai ɗauki sunan kamfani abin bauta ba, ga shi ya sa tulun wasu. Araha kuma ba ta ruɗe shi ba. Ya san inda ake musanya ya san inda ba a yi, kuma lamba ce ke raba masa gardama. Game da bawul mai tsinke da ƙarfen da ke dumama ruwa ya fi tsanani. Ya ce waɗannan ba ya sa komai sai abin da littafin tankin ya ambata, domin tsawon tsinken da inda yake zama a cikin ruwan duk da su aka gwada tankin tun a masana'anta. Ƙarfen dumama na tsohon samfuri kuwa mai yiwuwa ba shi da na'urar yanke wutar nan.

Ba duka masu sana'ar ne bakinsu ya zo ɗaya ba. Kamfanonin tanki irin su masu Megaflo da Gledhill da OSO ta ƙasar Norway tanki suke ƙerawa, yawancin bawul ɗin da ke kasuwar kuwa wasu ne ke yin su, kamar Caleffi ta Italiya da Reliance. Saboda haka akwai masu cewa abu ɗaya ne ake sa wa a kwalin mai tanki a ƙara masa kuɗi, kuma in lamba da girma sun zo daidai, ga tambarin amincewa na WRAS, to babu laifi a saya kai tsaye. Wasu kuma su ce garantin shekara 25 da ake bayarwa a kan jikin tankin yana rataye ne da duba shi duk shekara da kuma sa kayan kamfani, don haka ba za su jefa mai gida cikin rigima ba saboda 'yan fam kaɗan. Ni dai na fi karkata ga na farko a kan tulu da bawul ɗin rage matsi, na bi na biyu a kan duk abin da ke tsare zafi. Amma abin lura, dukansu a kan lamba da takarda suke musu. Babu mai cewa a ɗaura kawai tunda ya shiga.

Tsoron nasu yana da tushe. A watan Janairun 1982 tankin ruwan zafi ya fashe a wata makarantar firamare a garin Spencer na jihar Oklahoma a Amurka, ya kashe yara 6 da malama 1. Cikin abin da masu bincike suka gano har da cewa an cire tsinken nan mai jin zafi daga jikin bawul ɗin.

Mu ma muna da ƙannen wannan tanki. Hitar da ake rataye wa a bangon banɗaki a otal-otal da sababbin gidajen Kazaure, mai lita 30 ko 50, rufaffiya ce, kuma tana zuwa da ɗan bawul a bututun shigar ruwa. Ɗigar da yake yi in ruwa ya yi zafi aikinsa ke nan. Na ga inda aka toshe bakinsa don kada ya ɓata tayil, na ga inda aka cire shi aka haɗa bututu kai tsaye. In kuma za a sayo wani a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, tambayar ita ce orijina ne ko ɗan Caina, nawa ne, shi ke nan. Ba kasafai ake jin mai tambayar lambar da ke kansa ba. Ban ɗora wa masu aikin famfonmu laifi ba. Hannunsu ya iya aiki, sun saba tayar da abin da Bature zai jefar. Ba a dai taɓa zaunar da yawancinsu an nuna musu abin da lambobin nan ke nufi ba, kuma sau da yawa littafin hita yana tafiya ne tare da kwalinsa.

Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a cikin garinmu. Ina fata wata rana ta buɗe ɗan gajeren kwas da Hausa don masu aikin famfo na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, a koya musu karanta allon hita, da ɗaga hannun bawul a ga ko yana saki yana rufewa, da jan ɗan bututu daga bakinsa zuwa magudana domin mai gida ya daina neman a toshe. A fara da masu kula da otal da asibiti da makarantun kwana, inda hita ɗaya ke yi wa mutane da yawa aiki, kuma a yi shi tun a watan Oktoba, kafin hunturu ya sa a kunna hitocin da suka yi wata da watanni a kashe.