Mai Tsugunawa Bayan Sanduna

Mu nan Kano, daga Ƙofar Mata har Ƙofar Na'isa, ƙwallon ƙafa yara suka sani. Mu malamai kuwa mun lura da abu guda a filin makaranta: kowa so yake ya zama mai cin ƙwallo, in aka ce wa zai tsare gida sai a shiga kallon juna. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ba ku labarin wani mai tsaro daga wasan kurket.

A kurket ana kafa sanduna uku, mai bugu ya tsaya gabansu, mai tsaro kuma ya tsuguna bayansu da safar hannu, yana cafke duk ƙwallon da ta wuce. Babban wasa yakan kai kwana biyar. In ya kama ɗari ba mai tafa masa sosai, in ɗaya ta kuɓuce kowa ya gani. Da juyi ya zo kan ƙungiyarsa kuma, sai ya ɗauki sandar bugu ya nemo maki.

Irin aikin Tatenda Taibu na Zimbabuwe ke nan. An haife shi a 1983, ya tashi a Highfield, unguwar talakawa a Harare. Ɗan gajere ne, amma tun 2001 ya fara yi wa ƙasarsa wasa yana shekara 18. A 2004 aka naɗa shi kyaftin yana shekara 20. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a can, kuma a lokacin ba a taɓa yin kyaftin mai ƙarancin shekarunsa a babban wasa ba. A 2005 ya ci maki 153 a kan Bangaladash a birnin Daka.

A ƙarshen wannan shekara ce rigima ta ɓarke tsakanin 'yan wasa da hukumar kurket ta ƙasar. Taibu ya tsaya tare da 'yan uwansa, ya ajiye muƙamin, ya bar ƙasar. Ya dawo a 2007, a 2008 kuma ya yi wa Kolkata Knight Riders wasa a gasar Indiya. Sai ga shi a 2012, yana shekara 29 kacal, da manyan wasanni 28 da na yini guda 150 a bayansa, ya sanar ya bar wasa domin hidimar ikkilisiya.

Mun tattauna wannan a ɗakin malamai, bakinmu bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce ya yi gaggawa, ga iyali, ga ƙarfi bai ƙare ba. Wasu suka ce wanda ya shekara goma yana tsugune domin wasu, hidima ba baƙuwarsa ba ce. Mu ma da muka zaɓi alli, mun san yadda dangi suka riƙa tambaya ko babu wani aikin da ya fi albashi.

Ya ku 'yan aji shida masu fita, ba mu ce kowa ya ajiye sana'arsa ba. Amma duk inda kuka je za a nemi wanda zai tsaya a baya, inda ba a yawan tafi. In an kira, kada ku kalli juna. Ubangiji ya yi muku jagora.