ARAHA BA TA ADO? ABIN DA NA GANO A KASUWAR ITOKU TA ABEKUTA

Daga Wakilinmu a Ikko

Mai karatu, dalilin wannan tafiya tawa wani tsohon zane ne. Watannin baya mai ɗakina ta je Zariya gaishe da tsohuwata, ranar da za ta dawo sai tsohuwar ta jawo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ciro wata kamfala mai ruwan shuɗi da fari ta ba ta. Ta ce cikin kayan lefenta ta zo, tun ana kashe fam da sule, watau kafin a fito da Naira a 1973. Zanen nan ya haura shekara hamsin, ya sha wanki, ya goya 'ya'ya bakwai har da ni auta, amma har yau bai yage ba, kuma ruwansa bai mutu ba, sai dai laushi da ya ƙara.

Da mai ɗakina ta ɗaura shi zuwa wani suna a Agege, mata suka yanyame ta, kowace tana tambayar inda aka sayo wannan sabon yayi. To, ga Salla ta ƙarato, ga kuɗin leshi da atamfa mai tsada ya fi ƙarfin albashin irinmu. Sai ta ce mini, "Maigida, bana ka huta da zancen leshi. In ka samo mini irin na Inna, ni da 'yan matan nan, Sallarmu ta yi." Da na bincika aka ce mini in dai rinin Yarabawa ne, to, uwarsa tana Abekuta, babban birnin Jihar Ogun.

Ƙarƙashin Dutse

Ran Asabar da sassafe na shiga jirgin ƙasa a tashar Mobolaji Johnson da ke Ebute Meta, a kan sabon layin dogo na Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 2021. Ba mu cika sa'a biyu ba muka sauka a tashar Abekuta, wadda aka raɗa wa sunan Wole Soyinka, marubucin nan haifaffen garin da ya sami lambar Nobel a 1986. Daga nan na shiga ɗaya daga korayen tasin garin zuwa Sabo, unguwar Hausawa, inda mai masaukina, wani dattijo mai sayar da goro, yake jirana. A nan aka haife shi, Yarabanci kuwa a bakinsa kamar ruwa, saboda haka shi ya zama tafintana.

Ma'anar sunan garin ita ce ƙarƙashin dutse. Wajen shekara ta 1830 ne mutanen Egba, waɗanda yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa suka tarwatsa, suka fake a gindin dutsen Olumo ƙarƙashin jagorancin Sodeke. Duk wanda ya hau kan dutsen nan zai hango kogin Ogun yana ratsa gari, da jajayen rufin kwano masu tsatsa iyakar ganinsa. Kasuwar Itoku tana gindin dutsen, tafiyar ƙafa ce kawai.

Tun daga bakin titi launi yake tarar mutum. Rumfa bayan rumfa, an jera zannuwa a ninke tun daga ƙasa har rufi, kamar an gina katanga da su: shuɗi mai duhu irin na baba, da ruwan goro, da algashi, da ruwan ɗorawa, da jan garura. A ƙofar kowace rumfa an rataya dogayen riguna bubu da aka riga aka ɗinka, iska tana kaɗa su. Kusan duk masu rumfunan mata ne, kuma da sun ga hula sai kira ya tashi ta ko'ina, "Alhaji! Malam! Zo ka saya wa Hajiya!" Abin da mu muke kira kamfala ko rini, su adire suke ce masa, watau a ɗaure a rina. Yadi biyar-biyar ake yanka shi, ba shida ba kamar turmin atamfa, don haka mai saye ya lura.

Bayan Kasuwa

Mai masaukina ya ce, "Malam, kada ka taɓa aljihunka tukuna. Wanda bai ga marina ba bai san abin da yake saye ba." Ya ja ni ta wani lungu muka faɗa unguwar Kemta, inda ruwan kwata ma shuɗi ne, kuma kowace igiya da kowane dutse an shanya masa zane.

A wani gida muka iske wata dattijuwa, ga 'ya'yanta da jikokinta kewaye da ita, kowa da aikinsa. Na gaishe ta da Mama, ta ba mu benci. Iri uku ta nuna mini na aikin dā. Na farko oniko: a tsunkuli farin yadi, wani lokaci a sa tsakuwa ko ƙwayar hatsi a ciki, a ɗaure tamau da zaren tukurwa, ɗaruruwan ƙulli a zane guda, in an rina an kwance sai wuraren ɗaurin su fito fari kamar taurari. Na biyu alabere, wanda ake yi da allura: a ɗinke zanen a tsuke shi, bayan rini a farke. Na uku eleko, shi ne mai wuya: a dama talgen garin rogo, a riƙa zana shi a kan yadi da gashin kaza, ko a shafa shi ta cikin faifan kwano da aka huhhuda, ya bushe, a rina, sa'an nan a kankare. Bayan waɗannan akwai na zamani da ake yi da narkakken kyandir, ana dangwala shi da soso da aka yanka wa fasali.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne lokacin da aka tsamo zane daga tukunyar shuɗi. Kore ya fito, yana shan iska sai ya riƙa juyewa shuɗi a kan idona, daidai yadda ake gani a karofin Ƙofar Mata a Kano. Bambancin shi ne, a wajenmu rini sana'ar maza ce kuma a rami ake yi da baba, a nan kuwa sana'ar mata ce tun asali, a tukwane, da ganyen da suke kira elu, wanda mu muke ce wa talaki. Yanzu dai yawancin aikin da garin rini na kanti ake yinsa, da soda da ruwan zafi, domin ya fi sauri kuma yana ba da launi iri-iri. Can ƙarshen lungu kuma na ji wani sauti da na sani tun ina yaro: ƙarti ne zaune a mabuga, suna dukan zane a kan kututture har ya yi ƙyalli.

Dā Ta Dawo

Na ciro hoton zanen tsohuwata a waya na nuna wa Mama. Ta dube shi ta yi dariya, ta ce irinsa ta koyi ɗauri a hannun uwarta, kuma shekarun baya ba mai tambayarsa sai tsofaffi, amma yanzu 'yan makaranta ne suke zuwa nemansa.

Wannan ba shi ne karo na farko da tsohon yayi ya dawo ba. A 1997 Tunde Kelani ya fitar da wani fim mai suna O Le Ku, daga littafin Akinwumi Isola, labarin 'yan jami'ar Badun na shekarun 1970. Saboda fim ɗin nan 'yan matan Kudu suka koma wa ɗinkin iyayensu, buba mai gajeren hannu da zane, har yau kuwa sunan ɗinkin ke nan, oleku. Ita kanta kalmar kamfala, ana cewa ta samo asali ne daga birnin Kampala na Uganda, inda aka yi zaman sulhun yaƙin basasa a 1968, daidai lokacin da rini mai launi da yawa ya shigo yayi.

Dalilin da ya sa matan yau suka rungumi bubun kamfala ba ɓoyayye ba ne. Ba ta bukatar aiki a wuya ko duwatsu, saboda haka kuɗin tela kaɗan ne. Tana da yalwa, tana suturta jiki, mai ciki da mai shayarwa duk tana yi musu. Auduga ce, tana shan gumi. Da ita za a je ofis ko kasuwa ko asibiti, in an ɗora mata kallabi da gyale mai kyau kuma a shiga gidan biki ba a ji kunya ba.

Matan nan kuwa ba yau suka fara kare sana'arsu ba. Cikin shekarun 1930, da soda da shunin Turawa suka shigo, masu saye suka fara kukan zane yana ruɓewa, sai Alake Ademola na Biyu ya hana amfani da su. Marina suka ƙi, suka kai ƙara har gaban Turawan mulki, daga baya aka janye dokar. Matan kasuwar garin nan ne kuma, ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, suka yi boren haraji har Alaken ya sauka daga sarauta a farkon 1949, kafin ya dawo a ƙarshen 1950.

Na Hannu Da Na Inji

Amma abokin gabar da suke fama da shi yanzu ya fi Alake wuyar kayarwa. Da muka koma kasuwa na tsaya a wata rumfa, na ga zannuwa biyu kusan iri ɗaya, na taya. Kuɗin guda ɗaya zai sayi biyu na ɗayan har da canji. Mai rumfar ba ta ɓoye mini ba. Ta ce mai tsadar aikin Kemta ne, mai arahar kuwa daga ƙasar Sin aka kawo shi, inji ne ya kwafi zanen kakanninsu ya buga a kan yadin roba. Na ce, "Haba Mama, ke da kanki kike sayar da abin da zai kashe sana'ar gidanku?" Ta ce, "Malam, in ban ajiye shi ba maƙwabciyata ta ajiye. Mace ta zo da kuɗin da ba su kai ba, in kore ta?"

Lissafin a fili yake. Farar shadda da garin rini da soda duk daga waje ake shigo da su, tun kuwa da aka janye tallafin mai aka kuma saki Naira a 2023 kuɗinsu ya yi ta hawa. Mai ɗauri tana iya kwana da kwanaki a kan zane guda, inji kuwa ba ya gajiya, ba ya cin abinci.

Ita ce ta koya mini yadda ake rarrabewa, ga shi kuma na kawo wa mata masu karatu. Ki juya zanen: ɗaurin hannu rininsa ya ratsa ciki da baya, na inji kuwa sau da yawa bayansa fari-fari ne. Ki dubi fasalin: a na hannu ba za ki sami tauraro biyu daidai wa daida ba, kuma in na allura ne za ki ga hudarta, na inji kuwa fasali ɗaya ne yake ta maimaituwa. Ki murza shi: auduga tana da kauri da ɗan kaushi, roba tana da santsi. In har yanzu kina shakka, ki zare zare ɗaya ki kusantar da ashana: auduga toka take zama, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule. In kin saya, ki wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi da sabulu mai sauƙi, domin wankin fari yana zuba, ki kuma shanya a inuwa.

Na daɗe tsaye ina lissafi. Kuɗin da ke aljihuna zai sayi na inji har guda shida, kowa kala bibbiyu, in koma gida a yi ta shi mini albarka. Na hannu kuwa uku kawai zai saya. Sai na tuna ba kala aka aiko ni nema ba, irin na Inna aka ce. Na zaɓi oniko mai shuɗi da fari na mai ɗakina, da alabere biyu na yara. Muka yi ciniki har mai masaukina ya sa baki, ta rage mini abin da na yi kuɗin tasi da shi.

Ban ga laifin matar da ta sayi na inji ba, domin kowa daidai ƙarfinsa yake ɗaukar kaya. Abin da ba shi da kyau shi ne a sayar mata da roba da sunan aikin hannu. Wanda ya sayi rariya da saninsa ba ya kuka don ta zubar da ruwa. Amma in an raba kuɗin zanen tsohuwata a kan shekara hamsin, ban san wane zane ne ya fi shi araha a ƙasar nan ba.

A cikin jirgin komowa tunanin gida ya dame ni. Hausawa suna cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, to, a wannan magana namu gemun ne ya riga ƙonewa. Masaƙar Kaduna da aka kafa a 1957 ta rufe, ta Arewa ta rufe, Kakuri ta zama kufai, Kantin Kwari ya cika da atamfar ƙasar Sin, ramukan Ƙofar Mata kuma da yawansu sun bushe. Matan Itoku suna kan hanyar da muka bi, sai dai su har yanzu suna da jikoki a bakin tukunya. In mata suka ci gaba da tambayar na hannu, suna biyan kuɗinsa, jikokin za su zauna, kuma da irin wannan tambaya ce marinan Kano da Kura da Zariya za su farfaɗo.

Zannuwan dai suna wajen tela yanzu. Na buga wa tsohuwata waya na gaya mata, ta ce a aiko mata hoto ta gani ko sun kai nata. Allah ya kai mu Sallar lafiya, ya kuma rufa asirin kowane magidanci. Amin.