Zare: yadda neman ƙarar jirgin ƙasa ya kusa sa ni kwana a hannu

1/ Jama'a, ku gyara zama, zaren nan da ɗan tsawo. Labarin ni da kakana ne da wani ɗan jirgin ƙasa da bai kai tsawon tafin hannu ba. 🧵

2/ Kakana na wajen uwa fita ne. A loko a Zariya ya ƙare ƙarfinsa yana gyaran kan jirgi. Yanzu ido ya tafi, kunnen hagu ya bi shi. Na dama ne ya rage, shi ma sai ka ɗaga murya.

3/ Bara kawuna ya aiko min da ɗan jirgi daga Jamus. Ba irin na yara ba fa. Girman HO ake ce masa, wato an rage jirgin gaske sau 87. A can manya da furfurarsu ne ke zuba kuɗi a wannan harkar.

4/ Na ɗora wa Baba Tsoho a hannu, ya shafa shi tun daga kai har ƙafafu. Na ɗora a layi na kunna, ya kasa kunne. Sai ya ce, "Ja'iri, bebe ka kawo min? Jirgin da ba ya magana ai gawa ne."

5/ Maganar ta tsaya min. Na shiga bincike, ashe akwai ɗan allon lantarki da ake sakawa a ciki, dikoda, tare da 'yar sifika. Kamfanin ESU na Jamus yana yin wani mai suna LokSound, wanda za ka iya loda masa ƙarar da ka naɗa da kanka. Na roƙi kawu, ya aiko.

6/ Akwai ƙarar jiragen Amurka da na Turai a intanet, saukewa kawai za ka yi. Amma ni ta jirginmu nake so, wadda kunnensa ya sani.

7/ Kuskure na farko: na tsaya bakin layin dogo da waya. Sai a kwana na uku jirgin kaya ya zo. Na dawo ɗaki na saurara, iska ce kawai da oda. Ashe waya tana ɗaukar rugugin inji a matsayin hayaniya, sai ta danne shi.

8/ Ƙari kuma, jirgin da ke wucewa muryarsa sama take in yana tahowa, ta yi ƙasa in ya wuce. Abin nan na Doppler da muka haddace a sakandare don jarabawa, ranar na ji shi da kunnena. Ba ya wa dikoda amfani.

9/ Ga dalili. Injin dizal ɗin jirgi ba shi ke juya ƙafafu kai tsaye ba. Janareta yake juyawa, wutar ta tafi motocin lantarki da ke jikin ƙafafun. A jirage ƙirar Amurka, hannun wutar direba yana da mataki 8, kowanne da muryarsa.

10/ Don haka sai ka naɗi kowane mataki daban. Da tayar da inji, da zamansa yana huci, da hawa, da sauka, da kashewa, da oda, da fitar iskar birki. Sannan ka yanke kowanne yadda ƙarshensa zai haɗu da farkonsa ba a ji gaɓar ba.

11/ Ni dai taurin kai bai bar ni ba. Na ari rakoda wajen abokina ɗan sashen aikin jarida, na koma. Ku hasko ni: tsugune cikin ciyawa gefen layi, abu a kunne, waya ta zagaye ni. Ban ankara ba na ji an riƙe min wuyan riga.

12/ "Me kake yi a nan?"
"Ƙara nake ɗauka, yallaɓai."
Wallahi ko ni da na faɗa sai da na ji amsar ba ta da kai. 😭

13/ Kuma ban ga laifinsu ba. Tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, wa zai ga mutum da na'ura a gefen layi ya wuce? Sai bayan magariba aka sake ni, bayan katin makaranta da kiran gida. Umma ta yi kuka. Wannan ne har yau yake damuna.

14/ Baba Tsoho kuwa dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Matambayi ba ya ɓata, kai kuwa ba ka tambaya ba." Ya haɗa ni da wani tsohon yaronsa, aka nemo min izini. Na samu minti 20 kusa da kan jirgi yana tsaye, direba yana ɗaga wuta mataki-mataki.

15/ Mako biyu ina yanka da haɗawa a Audacity, har wani gwaji ya tafi da ni. Na loda, na kunna masa. Ya ce, "Wannan ai sauro ne."

16/ Gaskiyarsa. Sifikar ba ta wuce ƙwayar sukari ba, rugugin jirgi kuwa a ƙirji ake jin sa. Sai na jona da babbar sifikar falo. Ya yi shiru, ya juyo da kunnen dama, yatsunsa suna motsi a gwiwa.

17/ Can ya ce, "Namu ne. Amma hutu yake yi, ba ya jan komai. Jirgi da tarago a bayansa nishi yake." Na koma na duba, ashe masu wannan sana'ar ma sai inji yana ɗauke da nauyi suke naɗa. Da rabin kunne ya kama ni.

18/ To ga roƙona. In kana da wani a reluwe da zai taimaka min da izinin naɗar kan jirgi yana jan kaya, ta hanyar da ta dace, don Allah ka yi min magana. Kunnen daman nan kullum raguwa yake. Ku taya ni yaɗawa. 🙏